Yadda Muka Canja Sil ɗin Farfela a Bakin Tafkin Jabi

Jirgin da nake zagayawa da masu shaƙatawa a Tafkin Jabi na faiba ne, da injin Yamaha Enduro mai ƙarfin doki 40 rataye a bayansa. Na hannu na sayi injin, daga Legas aka hauro da shi. Irin mai silinda 2 ɗin nan ne da ake gauraya wa fetur da mai, wanda duk wanda ya taɓa shiga jirgin kasuwa a Yawuri ko ya tsallaka kogin Neja a Lakwaja ya san kukansa. Samansa ba shi da laulayi, ka ba shi fulogi mai kyau da fetur mai tsabta zai yi ta aiki. Ciwonsa in zai zo daga ƙasa yake zuwa, daga giyabos ɗin da ke nutse a ruwa kullum, inda ba ka gani kuma ba ka jin komai sai abu ya riga ya lalace.

Ƙa'ida ita ce a juye man giya duk bayan awa 100 na aiki. Hidimar Babbar Sallah kaɗai ta kusa cinye wannan lissafin, don a kwanakin nan jirgi ba ya hutawa daga hantsi har magariba. Da jama'a suka ja baya sai muka kamo injin, wanda nauyinsa ya haura kilo 70, muka ɗaure shi a tsaye jikin wani ƙaton katako a inuwa. Giyabos na da sukuru biyu, na ƙasa na juye mai, na sama na shan iska da auna cika. Na tara roba na kwance na ƙasa. Abin da ya fara ɗigowa ruwa ne garau, wajen cokali biyu. Da na kwance na sama sai sauran ya biyo baya, fari-fari mai kauri kamar shayin da aka cika wa madara.

Ruwa ya fi mai nauyi, shi ya sa in inji ya kwana a tsaye yake kwantawa a ƙasa ya riga fitowa. Wanda giya ta riga ta kaɗa shi da mai kuwa shi ne ya koma fari. Sukurun ƙasan yana da maganaɗisu a bakinsa. In ka ga baƙin gari mai laushi a jikinsa ba komai, cin yau da gobe ne. In ka murza a yatsa ka ji ɓarɓashi yana sukarka, to haƙoran giya ko boris sun fara ɓantarewa. Nawa gari ne kawai, na yi hamdala. Amma ruwan ya nuna akwai inda ke yoyo, sai na zargi sil, wato zoben robar da ke kewaye da shaf, sandar ƙarfen da ke juya farfela, yana hana mai fita da ruwa shiga.

Akwai wani dattijo da duk masu jirage a nan ke nema in abu ya gagara. Mutumin Yawuri ne, ya yi ƙuruciyarsa a kan injinan tafkin Kainji, daga baya ya yi shekaru a Legas yana gyaran jiragen masu kuɗi. Baba muke ce masa. Yanzu hannunsa ya fara rawa, saboda haka yakan zauna a kan benci ya sa kai mai inji ka yi aikin da hannunka, yaronsa na miƙa maka kaya. Ni dai wannan tsarin ya fi mini, don abin da hannunka ya taɓa ba ka mantawa.

"Baba, sil ɗin farfela ya tafi. In yi waya Legas a turo?"

Ya tsoma yatsa a robar, ya shinshina. "Wa ya ce maka na farfela ne?"

"To ai ga ruwa ya shiga."

"Ruwa ya shiga, wannan na gani. Ta wace ƙofa? Ƙofofin nan biyar ne, ɗana."

Ya lissafa mini su yana nunawa da sukundireba. Akwai sil na shaf ɗin farfela. Akwai na doguwar shaf da ke saukowa daga inji, yana ƙarƙashin famfon ruwa. Akwai robar sandar canja giya, da babban zoben roba da ya kewaye gidan boris. Ta biyar ita ce 'yar woshar da ke ƙarƙashin kowane sukurun mai, wadda ta fi komai araha, kuma sau da yawa ita ce mai laifin, don mutane na ta maimaita ta har ta baje ta tsage. Ya ce ya sha ganin an wargaza giyabos gaba ɗaya alhali wannan 'yar woshar ce kawai.

Shinshinawar da ya yi ma da dalili. Inji mai gaurayen mai irin wannan ta cikin cibiyar farfela yake fitar da hayaƙi, kuma man da bai ƙone ba yakan taru ya riƙa ɗigowa baƙi ƙirin daga nan in an ajiye inji. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka man giya ne ke yoyo. Man giya na da warin farar wuta mai ƙarfi, wancan kuwa warin hayaƙi da fetur yake yi.

Kafin in taɓa farfela ya sa na zare hulunan fulogi duka biyu, na mayar da giya firi. Farfela in tana cikin giya ka juya ta da hannu, injin kake juyawa, kuma ba wanda ke son ya tashi yatsunsa na tsakanin fuka-fukai. Na miƙe ƙafafun fin ɗin da ke kulle noti da filaya na zare shi. Yaron Baba ya cusa guntun katako tsakanin fiffike ɗaya da faffaɗan farantin da ke saman farfela don kada ta juya, na kwance notin. Wosha ta fito, sai zoben da ke bayanta, sai farfelar kanta. Baba ya sa na jera su a kan tsumma bi da bi yadda suka fito, fuskar kowanne na kallon sama.

Bayan farfela akwai wata wosha mai kauri wadda ita ke ɗaukar turin farfela in jirgi na tafiya gaba. Da na zare ta sai ga wani zobe kore-kore, mai tauri, ya zauna daram a kan shaf kamar daga kamfani aka sa shi. Yaron ma ya ɗauka kayan inji ne. Baba ya lanƙwasa bakin waya ya miƙo mini ya ce in tsokane shi. Da na samu bakin zaren na fara ja, sai ya yi ta warwaruwa: zaren fatsa na roba, da guntun koma, da zaren buhu, duk sun naɗe sun narke sun zama abu guda. Ƙarshensa daga cikin leɓen sil ɗin na jawo shi.

Lissafin yadda zare ke kashe sil ba wuya. Injin nan in an buɗe masa wuta yana juyawa tsakanin 4,500 zuwa 5,500 a minti, giyarsa kuma tana raba wannan biyu, wato shaf ɗin farfela na yin wajen 2,500. Zare in ya samu 'yar kafar da ke tsakanin farfela da giyabos, cikin ƙiftawar ido ya naɗe. Gugar na sa shi zafi ya narke, sabon da ke shigowa na tura tsohon gaba, gaban kuwa ba komai sai leɓen roba mai kaurin farce. Daga nan mai ya samu hanyar fita. Shigar ruwa kuma ga yadda take: giyabos na ɗaukar ɗumi in yana aiki, iskar ciki ta kumbura ta turo mai waje, da an kashe inji ya huce a cikin ruwa sai cikin ya tsuke ya zuƙo ruwa ta wannan kafar. Kowace fita da dawowa ana musayar mai da ruwa kaɗan-kaɗan.

Wasu masu jirage da sun ga haka sai su hau zagin masunta. Ni ban ga ta nan ba. Tafkin nan dam ne da aka yi tun farkon gina Abuja don ba gari ruwan sha, kafin a kammala babban dam na Usuma, kuma masunta sun riga jiragen shaƙatawa zama a kansa. Komar da ta naɗe a farfelata asarar wani ce, wataƙila ma farfelar ce ta yaga ta. Ga kuma abin da ruwan sama ke kwasowa daga magudanun gari da zarar damina ta kankama, leda da igiya da buhu, duk a nan suke tsayawa cikin kainuwa.

Duk da zaren da muka gani, Baba bai yarda an yanke hukunci ba sai an gwada. Kayan gwajinsa shi ya haɗa abinsa: tsohon sukurun mai, mai zaren milimita 8, aka huda tsakiyarsa, mai walda ya liƙa masa bawul ɗin tayar babur. Da wannan da famfon keke da ma'aunin iska irin na masu faci, shi ke nan. Muka mayar da sukurun ƙasa da sabuwar wosha, muka ɗaura nasa a ramin sama, giyabos babu mai a ciki. Ya ce in buga a hankali, kada in wuce PSI 10 zuwa 14 a ma'aunin, don cikin ƙanƙane ne, bugu biyu ya cika, kuma iska in ta yi yawa ita da kanta za ta ture lafiyayyen sil. Kwamfireso kam ko kusa.

Ma'auni bai riƙe ba, nan da nan ya sauka. Yaron ya kaɗa ruwan sabulu muka bi ƙofofin nan da shi. A bakin shaf ɗin farfela kumfa ta yi ta tashi, musamman in na juya shaf ɗin da hannu. Sukurun ƙasa shiru, gefen gidan boris shiru, sandar giya shiru ko da aka motsa ta gaba da baya. Sai a lokacin ya ce to yanzu a yi waya.

Sayen kayan shi ne inda mutane da yawa ke faɗawa rami. Sil na da lambobi uku a jikinsa, faɗin ciki da faɗin waje da kauri, kuma in ka shiga Apo ko Gudu da tsohon a hannu ba za ka rasa mai girmansa ba a cikin kayan mota. Zai shiga daidai, zai ma riƙe mai na ɗan lokaci. Bambancin yana cikin ɗan siririn sifirin da ke matse leɓen a jikin shaf. Na mota baƙin ƙarfe ne, an yi shi ya zauna cikin mai. Na jirgi ƙarfe ne marar tsatsa, don a ruwa zai rayu. In ka sa na mota, ranar da tsatsa ta cinye sifirin leɓe ya saki, aiki ya dawo sabo. Araha ba ta ado. Na ɗauki hoton farantin da ke jikin maƙalar injin, mai ɗauke da samfuri da lamba, na nemo zanen kayan giyabos ɗin a intanet, na tura wa wani mai kayan jirage a Legas lambobin. Na yi odar sil biyu, don biyu ne a jere a wurin, da babban zoben roba, da woshar sukuru, da sabon fin. Aka ba motar haya saƙon na je tashar Utako na karɓa. Kuɗin kayan duka bai kai na fetur ɗin da jirgin ke sha a Asabar ɗaya ba.

Kafin saƙon ya iso Baba ya hana a bar giyabos ɗin wayam. Ƙarfen da ruwa ya taɓa in ya sha iska tsatsa yake yi da wuri, boris kuma in ya yi ɗigon tsatsa ya gama yawo. Muka cika shi da man giya mai araha, muka juya shaf ɗin sosai, muka bar shi a haka.

A zaman jiran ne ya ba ni labarin manyan jiragen nan na Legas masu tafiya da iska, waɗanda ke da ɗan injin dizal a cikin ciki. A nasu, shaf ɗin ratsa gindin jirgi take yi ta fita waje, saboda haka abin da ke tsare wurin ruwan teku yake hanawa shiga cikin jirgin kansa. Tsohon tsari shi ne a cusa igiya mai maiƙo zobe-zobe kewaye da shaf a matse da noti, kuma dole a bar ta tana ɗigo kaɗan-kaɗan in shaf na juyawa, don ɗigon ne ke sanyaya ta. Wanda ya matse har ɗigo ya tsaya zai ƙona igiyar ya ci shaf. Sababbin kuma na roba ne ko na fuska biyu masu gugar juna, ba sa ɗigo, amma canja su sai an fitar da jirgi tudu an raba shaf da giya an ja ta baya. Ya ce mu masu injin rataye mun ji daɗi, namu in ya lalace giya ce ke tafiya, nasu jirgi ne ke nutsewa a inda aka ɗaure shi.

Hanyar cire sil biyu ce. Akwai ta gaggawa: ka bar komai a wurinsa, ka huda jikin sil ɗin da ƙaramin abin huji, ka ɗaura sukuru biyu ka jawo da filaya. Tana yi, kuma masu yi da yawa. Illarta ita ce kuskuren gashi ɗaya ya isa ka karci shaf ko ka huda alminiyon da sil ke zama a ciki, kuma ba za ka ga halin da boris da giya suke ciki ba. Tunda ruwa ya zauna a ciki ba mu san tsawon lokacin ba, Baba ya ce a fito da gidan boris ɗin gaba ɗaya.

A wannan samfurin noti biyu ke riƙe da shi. Sun kwance ba gardama, amma gidan ya ƙi motsi. A nan tarihin injin ya bayyana. Ruwan Legas na da gishiri, gishiri kuma in ya shiga tsakanin alminiyo da alminiyo farin gari yake zama ya liƙe su. Injin da ya yi rayuwarsa a Kainji ko Jabi ba ya wannan taurin kai. Wannan matakin ya fi kowanne cin lokaci da haƙuri. Abin da zuciya ke raya maka shi ne ka cusa sukundireba a tsakani ka banƙara, kuma da haka ake fasa bakin giyabos, wanda kuɗinsa ba kaɗan ba ne. Muka zuba man kwance tsatsa, muka kwarara tafasasshen ruwa a jikin giyabos ta waje don ya ɗan buɗe, muka bubbuga kunnuwan gidan da gudumar roba hagu da dama har ya fara juyawa kaɗan. Sannan Baba ya fito da abin jansa: sanduna biyu masu ƙugiya da ke kama haƙarƙarin gidan ta ciki, da faffaɗan ƙarfe, da dogon noti a tsakiya da ke dafa kan shaf. Ina ɗaurewa rabin juyi, ina tsayawa, ina bubbugawa. Can sai muka ji ƙas, ya saki.

"Dafe shaf ɗin nan, kada ta biyo shi," in ji Baba. In ta zame waje takan taho da abin kama giya da ɗan turmin da ke gabanta da sifirinsa, mayar da su kuma wani aikin ne daban. Yaron ya dafe, na zaro gidan a hankali. Giyar ribas ta fito tare da shi a manne. Akwai wasu siraran wosha a wurin da ba su kai kaurin takarda biyu ba, su ke daidaita yadda haƙoran giya ke cizon juna. Ba a jefar da su, ba a musanya su, ba a ƙara ko ragewa.

Muka haska ciki da tocilan. Haƙora lafiya, ba wanda ya ɓantare. Boris mai allurai da ke cikin gidan, daf da bayan sil, na juya shi da yatsa yana tafiya sumul, ba tabon tsatsa. Kafin in taɓa tsofaffin sil ɗin Baba ya sa na ɗauke su hoto, na kuma auna zurfin da na wajen ya shiga daga baki. Dalili shi ne ba kowane kamfani ke jera su iri ɗaya ba. Wasu na haɗa su baya da baya, ɗaya ya tsare mai ɗaya ya tsare ruwa. Wasu kuma duka biyun fuska ɗaya suke kallo. Yadda zanen injinka ya nuna, kuma yadda ka tarar, haka za ka mayar, ba yadda wani ya ce ya yi a nasa injin ba.

Da gidan a hannu cire su ba wuya. Na shimfiɗa tsumma a bakin gidan, na sa sukundireba mai dakusasshen baki a ƙarƙashin sil na ɗaga kaɗan, na matsa gefe na sake ɗagawa, har ya fito. Na wajen leɓensa ya yage, sifirinsa ma babu shi. Na cikin yana da yanka guda siriri, wanda ba ka gani sai ka lanƙwasa robar. Na wanke mazaunin da kalanzir, na kankare farin garin gishirin da buroshi har alminiyon ya fito fes.

Saura shaf. Baba ya ce in bi inda leɓen ke gogawa da farce. Farcena ya ɗan maƙale a wuri guda: zaren da yashin da ya kwaso sun yi mata siririn zobe. Sabon sil in ya zauna a kan wannan layin ba zai daɗe ba. Ya ba ni samfefa mai laushi, lamba 600, na jiƙa da mai na goge kewaye da shaf ɗin, ba a tsaye ba, don karce na tsaye hanya ce kake yi wa mai. Kaifin ya tafi amma layin bai ɓace duka ba. Sai ya ce za mu zaunar da sil ɗin ya ɗan goce daga inda tsohon ya zauna, kamar milimita 1, don leɓen ya hau lafiyayyen ƙarfe. Ya kuma ɗaure waya a jikin giyabos bakinta na kusan taɓa kan shaf, ya sa na juya. Da shaf ɗin ta lanƙwashe, irin wadda farfela ta taɓa dukan dutse ko kututture, da an ga tana matsowa tana ja da baya, kuma irin wannan ko sil nawa ka sa sai ta cinye. Tawa a miƙe take.

Sa sababbin bai ɗauki minti goma ba. Na nemo soket da faɗinsa ya yi daidai da gefen sil na waje, inda ƙarfen yake, na ɗora, na riƙa bugawa kaɗan-kaɗan ina duba ko ya karkace. Na farko ya zauna, na biyu ya bi shi zuwa zurfin da muka tsara. Na cika tsakaninsu da giris marar jin ruwa, na shafa a leɓunan. Wannan giris ɗin shi ne abincin sil na waje, don man giya ba ya isowa gare shi. Sabon zoben roba ya hau gidan, shi ma da giris. Haƙoran da farfela ke zama a kansu a jikin shaf suna da kaifi, kuma ta kansu sabon leɓen zai wuce, saboda haka muka naɗe su da salatif fallen ɗaya muka shafe da mai. Na tura gidan a hankali ina juya shaf don giyar ribas ta samu mazauninta, ya shige har ƙarshe da hannu, ba guduma. Na shafa wa noti biyun giris saboda mai kwancewa na gaba, na ɗaure su bi da bi.

Muka sake ɗaura abin gwajin Baba. Na buga iska, na juya shaf, na motsa giya gaba da baya, na bi ko'ina da ruwan sabulu. Muka tafi sallar Azahar muka dawo, ma'auni na nan inda muka bar shi.

Zuba mai ta ramin ƙasa ake yi, na sama a buɗe. In ka zuba ta sama iska ce za ta tare, ka ɗauka ya cika alhali rabi ne. Man giya mai lamba 90 ake sa masa, kuma cikin bai kai rabin lita ba. Na matsa gorar har mai ya ɓullo ta sama ba kumfa, na ɗaure sukurun sama tukuna, wanda shi ke riƙe man ya hana shi zubowa da sauri, sannan na zare gorar na mayar da na ƙasa, kowanne da sabuwar wosha. Wannan zubin na farko na wanki ne. Muka tsoma ƙafar injin a duro cike da ruwa, don tayar da shi a busasshe na ƙona robar famfon ruwa nan take, muka bar shi ya yi aiki kaɗan ba farfela, muka juye. Ya fito da ɗan hazo, ragowar tsohon ruwan. Zubi na biyu shi ne na zama. Gurɓataccen man duka muka tara a jarka, wani kafinta ya karɓa zai shafa wa katako saboda gara. Tafkin da ake kamun kifin da mutane ke ci ba wurin zubar da shi ba ne.

Mayar da farfela bin jerin kan tsumma ne daga ƙarshe zuwa farko. Na cire salatif, na shafe haƙoran shaf da giris. Wosha mai kauri ita ce farko, kuma wanda ya manta ta farfela za ta ci bakin giyabos da zarar ya sa giya. Noti in an ɗaure shi tsagarsa ba ta yi daidai da ramin fin ba, ƙara ɗaurewa ake yi kaɗan, ba sassautawa ba. Fin sabo, marar tsatsa. Na sha ganin an soka ƙusa an lanƙwasa a wurin, kuma farfelar da ta faɗa tsakiyar Jabi ba mai nemo maka ita.

Bayan aikin ƙarshen mako na sassauta sukurun ƙasa na ɗebi ɗigo kaɗan a farar takarda. Mai ne zalla, launinsa bai canja ba. Na sa wa yaran da ke tuƙa jirgin doka cewa duk Litinin, ranar da ba jama'a, a zare farfela a duba bayanta, kuma a dubawar farko ma an samu sabon zare ya fara naɗewa, bai kai ga roba ba. Layin da ke jikin shaf ɗin dai yana nan, kuma babu sauran wurin da za a sake gocewa da sil in wannan ya ci. Baba ya yi wa wani ƙaninsa a Yawuri magana ya sa ido, in an samu giyabos irin wannan da ya fashe amma shaf ɗinsa lafiya, a saya mini a ajiye.